Kafin A Kai Ga Likita: Taimakon Farko A Gonakin Nesa

Yawancin membobin ƙungiyoyinmu na gama kai ba a bakin gari suke noma ba. Ƙasar kusa da gida ta gaji, ta kuma yi mana kaɗan, saboda haka kowace shekara ana ƙara nausawa cikin daji. Waɗansu sukan yi tafiyar awa biyu a ƙasa kafin su kai gona, waɗansu ma sukan kafa bukka su tare a can har a gama girbi. In adda ta sari mutum a irin wannan wuri, ko maciji ya sare shi, babu likita kusa. Wanda ke kusa shi ne abokin aikinsa, ko matarsa, ko ɗansa. Abin da wannan mutum ya yi cikin awa ta farko, sau da yawa shi ne yakan sa majiyyaci ya kai asibiti da rai. Don haka muke so kowace ƙungiya ta sami mutanenta waɗanda aka koya wa taimakon farko irin na daji.

Ina Bambancinsa Da Na Gari?

Taimakon farko da akan koyar a birni an shirya shi ne bisa ga cewa motar asibiti za ta iso cikin 'yan mintoci. A Amurka, masu hawan duwatsu da masu gadin gandun daji sun ga wannan bai ishe su ba, gama sukan yi kwana da kwanaki nesa da hanyar mota. Tun wajen shekarun 1970 aka fara buɗe makarantu na musamman domin irinsu, a 1983 kuma waɗansu likitoci suka kafa ƙungiyar da ke nazarin aikin likita a daji. Ma'aunin da sukan yi amfani da shi mai sauƙi ne: in tsakaninka da asibiti ya fi tafiyar awa ɗaya, to, a daji kake. Bisa ga wannan ma'auni, kusan dukan gonakinmu daji ne, balle da damina sa'ad da rafi ya kawo.

Abu uku ne suka bambanta wannan koyarwa. Mai taimako zai zauna da majiyyaci awoyi masu yawa, watakila har kwana. Zai yi aiki da abin da ke hannunsa, kamar zane, da sanda, da buhu, da ruwan gora. Sa'an nan shi ne zai yanke shawara ko a tafi asibiti yanzu yanzu, ko za a iya jira gari ya waye. Ƙaramin kwas ɗinsu yakan ɗauki awa 16, watau kwana biyu. Babban kuwa, na masu jagorar mutane cikin daji, yakan kai awa 70 zuwa 80. Yawancin koyon ba a cikin aji ake yinsa ba. Akan fita fili, wani ya kwanta kamar ya ji rauni, sauran su gwada abin da za su yi, malami yana gyara musu.

Wannan hanya ba baƙuwa ba ce a ƙasarmu. A 1974 aka fara shirin lafiyar karkara a Garkida, inda ƙauye kansa yake zaɓen namiji da mace, a koyar da su wata uku ta hanyar labarai da wasan kwaikwayo, su koma gida su yi aiki. Da yawa cikinsu ba su yi nisa a boko ba. Wannan ya nuna cewa manomi yana iya koyon aikin nan sarai.

Abin Da Za A Fara Dubawa

Darasi na fari shi ne kada mai taimako ya zama majiyyaci na biyu. A duba ko macijin yana nan kusa, ko wutar daji tana matsowa, ko injin yana aiki har yanzu. In mutum ya suma a cikin rijiya, kada kowa ya faɗa bayansa haka kawai, gama iskar da ta kā da shi za ta kā da na biyu.

Bayan haka a kira sunansa a ga ko zai amsa. A duba ko yana numfashi. A nemi inda jini ke zuba da ƙarfi, a tsai da shi. Sai an gama waɗannan za a bi jikinsa daga kai zuwa ƙafa ana dubawa. Wanda ya suma amma yana numfashi, a kwantar da shi ta gefe, bakinsa yana kallon ƙasa, don in ya yi amai kada ya shaƙe shi. Kada a ɗura wa sumamme ruwa ko kunu ko magani, ko da cokali ɗaya.

Saran Maciji

A nan za mu daɗe, domin a nan ne manoma suka fi hasarar rai, a nan ne kuma aka fi yin taimakon da ke ƙara ɓarna. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa saran maciji yana kashe mutum 81,000 zuwa 138,000 a duniya kowace shekara. A 2017 ta sa shi cikin jerin cututtukan ƙasashe masu zafi da aka yi watsi da su, a 2019 kuma ta fito da shirin rage mace-macen da rabi kafin 2030. Wani bincike da aka buga a 1980 a kan kwarin Binuwai ya sami kusan mutum 500 cikin kowane 100,000 da maciji ke sara a shekara, wajen 12 cikin 100 na waɗanda aka sara kuma suka mutu.

Macijin da ya fi yi mana ɓarna shi ne kububuwa, wadda ake yi wa laƙabi gobe-da-nisa. Ƙarama ce, tsawonta santimita 30 zuwa 60, launinta ya yi kama da ƙasa da busasshen ganye. Ta fi sara lokacin shuka da noman fari da girbi, yawanci a ƙafa ko a hannu. Dafinta yana hana jini daskarewa. Ranar farko mutum zai ga kumburi da zafi kawai, har ya ce ya ji sauƙi. Bayan haka sai dasashi ya fara jini, jini ya fito a fitsari ko a tofi, tsohon miki ya soma tsatsafowa. Bayan kwana biyu, ko uku, ko ma mako guda, jini yana iya zuba cikin ƙwaƙwalwa ko cikin ciki, mutum ya mutu. Wannan jinkiri ne yake ruɗin mutane su zauna a gida.

Kasa takan kawo babban kumburi da ruɓewar nama. Waɗansu irin gamsheƙa dafinsu yana kashe jiki: fatar ido ta soma saukowa, haɗiya ta gagara, numfashi ya yi wuya. Akwai kuma mai tsarta dafi a ido. In haka ta faru, a wanke idon nan da nan da ruwa mai yawa, a yi ta zubawa wajen minti 15, sa'an nan a tafi asibiti.

Ga abin da za a yi wa wanda maciji ya sara. A janye shi daga wurin, a kwantar da shi, a kwantar masa da hankali, gama ba kowane sara ne yake zuba dafi ba, kuma akwai magani. A cire zobe, da munduwa, da agogo, da takalmi, tun kumburi bai kama su ba. A sa sanda a gefen ƙafar ko hannun a ɗaure sako-sako, kamar yadda akan yi wa karaya, domin motsi ne yake tura dafi cikin jiki. Kada ya yi tafiya da ƙafarsa in akwai yadda za a ɗauke shi. A lura da lokacin da aka yi saran. In zafi ya dame shi, a ba shi farasitamol kaɗai. Asfirin da ibuprofen da diclofenac suna ƙara zubar jini. Daga nan sai asibiti, ba tare da biyawa ko'ina ba.

Ga kuma abin da ba za a yi ba. Kada a ɗaure ƙafa tamau da igiya ko roba. Ɗaurin ba ya tsare dafi, sai dai ya hana jini zuwa, ƙafa ta ruɓe har a kai ga yanke ta. Kada a tsaga wurin da aska: mutumin da jininsa ba ya daskarewa, kowace tsaga ƙofa ce aka buɗe wa jini. Kada a tsotsa da baki, kada a ƙona, kada a zuba fetur ko kananzir. Baƙin dutsen nan da ake mannawa a bakin sara ya daɗe a hannun mutane, amma gwaje-gwaje sun nuna ba ya jawo dafin da ya riga ya shiga jiki. Kada a ba da abin sa amai, kada a ba da giya. Kada kuma a ɓata lokaci wajen farautar macijin, mutane da dama sun sami sara na biyu ta haka. Hausawa sun ce, da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Mun san waɗansu za su ce, ai wane mai magani ya warkar da mutane da yawa. Gaskiya ne mutane da yawa sun tashi a hannunsa, amma dalili shi ne macizai da dama ba su da mugun dafi, masu dafin ma wani lokaci sukan sara ba su zuba ba. Waɗannan da ma za su warke. Wanda dafin kububuwa ya shiga jininsa kuwa, allurar kashe dafi ce kaɗai aka tabbatar tana cetonsa. A asibiti akan ɗebi jini kaɗan a sa a busasshiyar kwalba mai tsabta, a ajiye minti 20. In bai daskare ba, an san dafi ya shiga, sai a yi allura.

Ana samun wannan allura daga jinin dawakai ko tumaki da aka saba musu da dafin kaɗan kaɗan. Irin da ake kira EchiTAb an yi ta ne da dafin macizan Nijeriya, aka haɗa ta a Birtaniya da Kosta Rika. Ba kowace allurar maciji da ke kasuwa ce take aiki a kan kububuwarmu ba, musamman wadda aka yi domin macizan Indiya. Wuraren da suka yi suna wajen wannan aiki sun haɗa da Kaltungo a Jihar Gombe, da Zamko kusa da Langtang a Jihar Filato, da Bambur a Jihar Taraba. Ya kamata kowace ƙungiya ta bincika tun yanzu wane asibiti ne mafi kusa da ita da yake ajiye allurar.

Rigakafin kuwa ba shi da wuya: dogon takalmin roba a gona, tocila da dare, a juya dami ko tarin kara da sanda kafin a sa hannu, kada yara su zura hannu a ramin ɓera ko gafiya. Mai kwana a bukkar gona ya kwana a kan gado cikin gidan sauro, ya cusa bakinsa ƙarƙashin tabarma.

Zubar Jini Da Rauni

Jinin babban mutum wajen lita 5 ne. In babbar jijiya ta yanke, yana iya ƙarewa cikin 'yan mintoci. Maganin farko hannu ne. A naɗe tsumma mafi tsabta da ke kusa, a danne bakin raunin da ƙarfi, a riƙe minti 10 ba a ɗagawa don leƙe. In jini ya jiƙa tsumman, a ɗora wani a kai, a ci gaba da dannewa. In rami ne mai zurfi, a cusa tsumma a ciki sa'an nan a danne.

In jini yana tsartuwa daga hannu ko ƙafa, dannewa kuma ta kasa, kamar sa'ad da injin sussuka ya kama hannu, a nan ne kaɗai ake ɗaurin tamau. A sami kyalle mai faɗin yatsa uku ko huɗu, a ɗaura wajen santimita 5 zuwa 7 sama da raunin, ba a kan gaɓa ba. A sa sanda a murɗa har jini ya tsaya, a rubuta lokaci, kada a kwance sai a gaban likita. Ku lura da kyau, 'yan'uwa: ɗaurin da ke ceton wanda adda ta sara, shi ne ke lalata ƙafar wanda maciji ya sara. Irin wannan bambanci ne ya sa ake bukatar koyo da gwaji.

Bayan jini ya tsaya, a wanke rauni da ruwan da ya isa sha, aƙalla lita ɗaya. In an huda ƙaramar ƙofa a ledar ruwa aka matsa, ruwan zai fita da ƙarfi ya kori ƙasa. Kada a sa kashin shanu, ko toka, ko baƙin mai. Su ne ke kawo ruɓa da tetanus, watau ciwon nan da ke sanƙarar da jiki ya sarƙe haƙora. Duk wanda ya ji rauni mai zurfi a gona ya je a duba ko yana bukatar allurarsa. Cizon kare kuwa, a wanke da sabulu da ruwa minti 15, a tafi neman allurar haukan kare a ranar. Ƙuna, a yi ta zuba mata ruwan sanyi minti 20, kada a shafa kome.

Karaya, Zafin Rana Da Maganin Feshi

In ƙashi ya karye, a sa kara ko sanda da ta wuce gaɓar sama da ta ƙasa, a sa tsumma tsakaninta da fata, a ɗaure. A riƙa taɓa yatsu: in sun yi sanyi, ko sun mutu, ɗauri ya yi tsanani, a sassauta. Yara da yawa sun rasa hannu saboda ɗorin da aka matse. Karayar da ƙashi ya huda fata ta asibiti ce. Wanda ya faɗo daga ɗorawa ko giginya yana kukan wuya ko baya, kada a naɗe shi a ɗora a babur. A sa mutum ɗaya ya riƙe kansa, a mirgina shi gaba ɗaya bisa ƙyaure ko katako.

Da bazara, mai aiki a rana in ya ji jiri da ciwon kai da kasala, ya shiga inuwa ya sha ruwa. In ya fara sambatu ko tangaɗi, jikinsa ya yi zafi ƙwarai, rai ne ke cikin hatsari. A tuɓe masa riga, a yi ta kwara masa ruwa ana fifita, ko a sa shi cikin rafi ana riƙe da kansa. A fara sanyaya shi kafin a kama hanya. Ga mai zawo da amai, in babu ƙunshin gishiri da sukari na asibiti, a sa cokalin shayi 6 na sukari, shafaffu, da rabin cokalin shayi na gishiri cikin lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, ya riƙa kurɓa.

Maganin feshi yana shiga ta fata da numfashi. Alamunsa su ne dalalar miyau, da gumi, da amai, da ƙanƙancewar ƙwayar ido. A fitar da mutum daga gonar, a cire tufafinsa, a wanke shi da sabulu. Kada a sa shi amai, kada a ɗura masa manja ko madara. A tafi da kwalbar maganin asibiti domin likita ya san abin da zai yi.

Hanyar Fita

Sau da yawa jinkiri ne yake kashe mutum: neman abin hawa, neman kuɗi, jiran mai gida ya dawo ya ba da izini. Ba a fafe gora ranar tafiya. Tun kafin ruwa ya sauka, ƙungiya ta zauna ta amsa waɗannan tambayoyi. Babur ɗin wa za a kira, ko amalanken wa? In rafi ya cika, ta ina za a bi? A wane tudu ne waya take kamawa? Wa yake riƙe da lambar asibiti? In mai gida ba ya nan, an yarda a tafi da matarsa ko ɗansa?

Gora biyu da aka zura cikin buhu biyu sun isa gadon ɗaukar majiyyaci zuwa bakin hanya. In a babur ne, wani ya zauna bayansa ya riƙe shi. A buga waya tun ana hanya a tambaya ko akwai allura, kada a yi tafiyar banza. A ba mai rakiya takarda da aka rubuta lokacin da abin ya faru da abin da aka ba majiyyaci.

Shawararmu Ga Ƙungiyoyi

A taronku na gaba, ku zaɓi aƙalla mutum biyu, namiji da mace, masu natsuwa, waɗanda ke zuwa gona kullum, ba masu shirin tafiya ci-rani ba. Mace tana da muhimmanci, domin mata ne ke tsintar kaɗanya da itace da sassafe, kuma 'yar'uwarsu za su fi sakin jiki da ita. Ƙungiyoyi uku ko huɗu su haɗu su roƙi ma'aikacin lafiya na asibitin da ke kusa, ko reshen Red Cross na jiharsu, ya ba su kwana biyu da rani. Ku roƙa a yi koyon a fili, da kayan da kuke zuwa gona da su. Waɗanda suka koya su maimaita wa sauran membobi kowace shekara kafin shuka, gama abin da hannu bai saba ba, ranar tsoro mantawa ake yi.

Akwatin taimako ba sai mai tsada ba: bandeji, da kyalle mai tsabta, da safar hannu, da sabulu, da almakashi, da farasitamol, da ƙunshin gishiri da sukari, da tocila, da fensir da takarda. A ajiye shi a gona inda ake aiki, ba a kulle a gidan ma'aji ba. Sa'an nan a buɗe asusun gaggawa. In membobi 30 ne, kowa ya ba da mudu 5 da kaka, an sami mudu 150 ke nan, a sayar a ajiye domin kuɗin mota da magani, wanda ya ci ya biya bayan girbi.

Mai taimakon farko ba likita ba ne. Ba ya yin allura, ba ya ɗinki, ba ya riƙe majiyyaci a gida. Aikinsa ya tsai da abin da zai kashe mutum nan take, ya hana a yi masa abin da zai cuce shi, ya kai shi hannun masu aikin da wuri.

Muna roƙon sakatarorin ƙungiyoyi su karanta wannan a taro domin waɗanda ba su iya karatu ba, su kuma rubuto mana sunan asibitin da suka samu yana ajiye allurar maciji, mu sanar da maƙwabtansu a fitowa ta gaba. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya komo da kowa gida lafiya.